Darasi na 9: Sauraron Gargaɗin Ruwa a Rediyo

Iyayenmu sukan dubi gabas, su ga hadari ya haɗu, su ce a kwashe shanya. Wannan sani yana nan da amfaninsa. Sai dai ruwan da ke cin gari ba lalle ne a garin ya sauka ba. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci. Duban sama ba ya nuna wa mutum irin wannan. Sai an faɗa masa.

Masu faɗar suna nan. Hukumar NiMet ce ke hasashen yanayi a Najeriya. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina za a yi fari a tsakiyar damina. Yanzu ana fassara shi zuwa Hausa, ba Turanci kaɗai ba, kuma wannan babban ci gaba ne. Hukumar NIHSA kuma tana bin hawan koguna, tana ambatar ƙananan hukumomin da ambaliya ke yi wa barazana. Mutanen bakin kogin Binuwai su kasa kunne duk lokacin da aka ce za a saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, domin ta kogin ruwan yake biyowa.

Me ya sa muke dagewa kan rediyo, ga waya a hannun kowa? Ranar ambaliya wuta takan ɗauke, caji ya ƙare, sabis ya ɓace. Ƙaramar rediyo mai batir biyu, wadda ake ratayewa a reshen bishiya a gona, ita ce ke ci gaba da magana. Ka ajiye batir na ko-ta-kwana cikin leda, kada yara su zare su. In za ka fita, ka bar rediyon a gida, domin mata da tsofaffi ne ruwa ya fi tararwa a ɗaki.

In an fara sanarwa, a yi shiru. Ka saurari sunan ƙaramar hukumarku, da ranar da aka ambata, da abin da aka ce a yi. Rubuta su a littafinka nan take, ko da rubutun bai yi kyau ba. Sannan ka kai wa mai unguwa da liman, a faɗa ta lasifikar masallaci. Katin zaɓe, katin asibiti da takardar gona a ƙulle su a leda, a rataye sama. In an ce a tashi, a tashi da rana, kada a jira ruwa ya zo bakin ƙofa. Lambar neman agaji ita ce 112, kuma kiran kyauta ne.

Aikin gida: ka saurari hasashen yanayi a tashar jiharku yau da dare. Rubuta sunan tashar, da ƙarfe nawa aka karanta, da abin da aka ce game da yankinku. Ka zo da shi aji gobe.