Darasi na Tara: Idan Na'urar Tsaron Gida Tana Yawan Katsewa

Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi na'urar tsaro. Mai haɗawa ya zo ya maƙala ta a ƙofar gida da tagogi, aka gwada, jiniya ta yi kuka, hankalin kowa ya kwanta. Bayan wata biyu sai saƙo ya fara shigowa waya cewa na'urar ƙofa ta katse. An jima ta dawo. Washegari ta sake. Tun maigida yana dubawa har ya gaji ya daina, wani ma sai ya zare filogin gaba ɗaya ya ce jabu aka sayar masa.

Ba na so hakan ta same ku. Na'urar da ta katse ba ta gadin komai, ko da tana nan manne a jikin ƙofa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin abin da ke kawo wannan matsala kuna iya gano shi da kanku, da littafi da biro da karatun da kuka riga kuka samu a wannan aji.

Uwa da 'ya'yanta

Kayan tsaron gida marasa waya kashi biyu ne. Akwai babban akwati da ake sa wa wuta a cikin ɗaki. Za mu kira shi uwa. Akwai kuma ƙananan na'urori masu aiki da batir, su ne 'ya'ya. Ta ƙofa ɓari biyu ce: ɓari ɗaya yana jikin ƙyaure, ɗaya yana jikin firam. A cikin ƙaramin ɓarin akwai maganaɗisu, wanda wasu ke ce wa mayen ƙarfe. Idan aka buɗe ƙofa sai su rabu, sai babban ɓarin ya aika wa uwa labari ta iska, kamar yadda tasha ke aika wa rediyo magana. Akwai kuma mai gano motsi, wadda ake kafawa a saman kusurwar ɗaki, tana jin ɗumin jikin mutum idan ya gitta.

Ku riƙe wannan da kyau, don a kansa darasin ya tsaya: hanyoyin magana biyu ne. Ta farko daga 'ya zuwa uwa. Ta biyu daga uwa zuwa wayarku, ta intanet ko ta layin waya. Kafin ku taɓa komai, ku tambayi kanku wacce ce ta yanke.

Ku buɗe manhajar da ke wayarku. A gefen sunan kowace na'ura za ku ga kalma da Turanci. "Online" na nufin tana haɗe. "Offline" na nufin ta katse. "Low battery" na nufin batir ya yi sanyi. Ku kwafi waɗannan kalmomi uku a littafinku har idonku ya saba da su. Idan 'ya ɗaya ce ta katse sauran suna lafiya, matsalar tana wajen wannan 'yar ko a tsakaninta da uwa. Idan kuwa duk sun katse a lokaci guda, kada ku ɓata lokaci kuna kwance su daga ƙofofi. Ku nufi uwa.

Idan duk sun katse tare

A garuruwanmu abu na farko da za a zarga shi ne wuta. Uwa da yawa suna da batir a ciki da ke riƙe su na wasu awanni bayan an ɗauke wuta. Amma rautar da ke ba gida intanet galibi ba ta da shi. Da zarar Nepa ta ɗauke, rauta ta mutu, uwa tana raye amma ba ta da hanyar yi muku magana. Jiniya za ta iya kuka a gida, ku kuwa da kuke kasuwa ba za ku ji komai a waya ba. Ko an tada janareta, rauta tana ɗaukar 'yan mintuna kafin ta farfaɗo. Maganin wannan shi ne a jona rauta da uwa a layin inbata ko sola, ko a sayi ƙaramin batir na rauta. Kafin ku saya, ku juya rautar ku karanta lambar da ke kusa da harafin V. Da yawa 12V ne, amma ku karanta taku.

Sai data. Idan ta ƙare, fitilun rauta suna nan a kunne, sai ku zaci komai lafiya. Haka kuma idan wani ya canja sunan Wi-Fi na gida ko lambar sirrinsa, uwa ba za ta sake shiga ba sai an ba ta sabuwar. Na ga gidan da aka haɗa uwa da 'yar rautar aljihu, kullum yaron gidan ya fita da ita makaranta sai tsaro ya katse har ya dawo.

Idan uwarku mai ɗaukar sim ce, ku cire shi ku sa a waya ku gani ko yana da kuɗi, ko yana da sabis. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani na iya rufe shi. A Najeriya kuma, tun ƙarshen 2020 hukuma ta wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN, kuma an toshe layukan da ba a haɗa ba. Layin da ke ɓoye a cikin akwati shi aka fi mantawa da shi.

Ƙarin abu ɗaya: rautocin zamani suna ba da Wi-Fi iri biyu, 2.4GHz da 5GHz. Yawancin kayan tsaro 2.4GHz kawai suka sani. Idan an kashe shi a rauta, a kunna.

Idan 'ya ɗaya ce: ku fara da batir

Batir shi ne babban mai laifi, kuma yana da yaudara. Ba ya mutuwa farat ɗaya. Yana iya kunna 'yar fitilar na'ura, amma idan lokacin aika saƙo ya yi sai ƙarfinsa ya gaza. Shi ya sa take katsewa tana dawowa. Ko an kai shi wajen mai gyaran rediyo ya gwada da mita, lambar na iya nuna kamar yana da rai alhali ya gaji. Gwajin da ba ya ƙarya shi ne a sa sabo.

Ku buɗe murfin a hankali, ku karanta rubutun da ke kan batirin kafin ku je shago. Mai kama da kwabo an fi samun CR2032. Lambar tana da ma'ana: 20 faɗinsa ne, milimita 20, 32 kuma kaurinsa, milimita 3.2. Akwai ɗan'uwansa CR2025, faɗinsu ɗaya amma ya fi siranta. Idan mai shago ya ce muku "ai duk ɗaya ne", kada ku karɓa. Zai shiga gurbin, amma yana iya yin lako-lako, kuma duk bugun ƙofa sai wuta ta yanke. Akwai CR123A, gajere mai kauri, da ake sa wa masu gano motsi. Shi da na kwabo duka 3V ne. Akwai kuma 23A, ƙarami siriri, wanda yake 12V, ana samunsa a na'urorin ƙofa masu araha. Mafi sauƙi shi ne ku tafi da tsohon a aljihu, ku ajiye shi kusa da sabon, ku gwama harafi da harafi. Ku duba shekarar lalacewa a jikin kwalin. Batirin da ya sha rana a tire ya riga ya tsufa tun ba a buɗe shi ba.

Wajen sawa, ku nemi alamar + a jikin batir da a cikin gurbin, su dace. Idan kun ga farin gari ko tsatsa a kan ƙarfen da ke taɓa batir, ku goge da busasshen ƙyalle. Ƙurar hunturu ma tana shiga nan. Sannan ku rufe murfin har ku ji ya ce ƙas.

Ina roƙonku da babbar murya a kan batir mai kama da kwabo. Kada ku ajiye shi inda yaro zai kai hannu, sabo ne ko tsoho. Idan yaro ya haɗiye shi, yana iya maƙalewa a maƙoshi ya ƙona naman wurin cikin awa biyu. A tafi asibiti nan take, kada a ce bari a gani, kada kuma a sa shi amai. Tsohon batir kuma ba a jefa shi cikin sharar da za a ƙona.

Ƙarfe da bango

Lambar nisan da ake rubutawa a kwali, a fili aka auna ta, inda babu abin da ya tsaya a tsakani. Gidajenmu kuwa bulo ne da siminti da rodi, ga ƙofofin ƙarfe, ga tankin ruwa. Kowane bango yana rage ƙarfin saƙon, ƙarfe kuwa tare shi yake yi. Na'urorin da ke aika saƙo a kan zangon rediyo na 433MHz sun ɗan fi masu 2.4GHz iya ratsa bango, amma babu wanda ke ratsa ƙarfe.

Bari in ba ku labarin gidan yayata. Na'urar da ke ƙofar gidansu ta waje ta addabe su da katsewa. An canja batir sau biyu, an kira wanda ya haɗa, ya zo da rana ya gwada ya ce lafiyarta ƙalau. Na ce mata, "Yaya, ki samu littafi. Duk lokacin da saƙon ya shigo, ki rubuta rana da lokaci, da ko akwai wuta." Ta ce, "To ƙanena, rubutun nawa ai sai a hankali." Na ce a hankalin ma ya isa. Bayan mako guda ta miƙo mini littafin, da manyan haruffanta masu karkata:

Litinin, 10:20 na dare, ƙofar waje, akwai wuta.
Talata, 10:05 na dare, ƙofar waje, babu wuta.
Laraba, 10:40 na dare, ƙofar waje, akwai wuta.

Haka har ƙasan shafi. A gefe kuma ta ƙara da kanta: "Tana dawowa bayan Asuba." Na tambaye ta me ake yi a gidan wajen ƙarfe goma. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Lokacin ne muke rufe ƙofar falo." Ƙofar ƙarfe ce mai kauri. Uwa kuma tana ƙasa, a bayan talabijin, cikin tarin wayoyi. Da rana falo a buɗe yake, saƙo yana wucewa. Da dare, daidai lokacin da ake bukatar gadi, sai a rufe masa hanya. Muka ɗauke uwar muka kafa ta a sama a bangon da ke kallon tsakar gida, inda na waje ba zai hango ta ba. Ba mu kashe ko sisi ba sai kuɗin ƙusa biyu. Ita ta gano abin da mai gyara bai gano ba, don shi sau ɗaya ya zo, ita kuwa ta rubuta sau bakwai.

Ku ma ga gwajin da za ku yi. Ku cire 'yar da ke katsewa, ku kawo ta kusa da uwa, ku bar ta kwana biyu. Idan ta daina katsewa, lafiyarta lau, hanya ce ba kyau. Sai ku matsar da uwa zuwa tsakiyar gida, a sama, nesa da firji da talabijin da inbata. Kada ku ɗora ta a kan rauta, ku ba su tazarar kamar mita ɗaya ko biyu. Idan a jikin ƙofar ƙarfe na'urar take, ku sa ɗan katako ko roba mai kauri a ƙarƙashinta don ta ɗago daga ƙarfen. Idan an rubuta Zigbee a kwalin kayanku, akwai ƙarin dabara: na'urorin wannan iri da ake jonawa a soket suna karɓar saƙo su miƙa gaba, don haka ɗaya a tsakiyar hanya tana ƙara nisa. Masu batir ba sa yin wannan aikin, kuma mai miƙawar ma tana tsayawa idan an ɗauke wuta.

Idan kuwa tana kusa da uwa, da sabon batir, amma ba ta daina ba, sai ku goge ta daga manhaja ku sake haɗa ta kamar sabuwa, yadda takardar kayan ta nuna. Wannan 'yar kaɗai za ku goge. Kada ku soka tsinke a ramin da ke bayan uwa, don yana iya share dukan abin da aka tsara mata. In har wannan ma bai yi ba, na'urar ta lalace, a mayar wa mai shago ko a sayi wata irinta.

Kada ku rikita katsewa da wata matsala mai kama da ita. Idan manhaja tana cewa ƙofa a buɗe take alhali a rufe take, maganaɗisu ne ya yi nisa da abokinsa. Zafin bazara yana narkar da gam, ƙyauren katako kuma yana kumbura da damina. Ku matso da su kusa, tazarar kada ta kai faɗin ɗan yatsa, ku ɗaure da noti in da hali.

Duk gyaran da za ku yi, ku yi ɗaya ɗaya. Idan kun canja batir kun kuma matsar da uwa a rana guda, ba za ku san wanne ya yi aiki ba. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: sau ɗaya a wata, ku sanar da maƙwabta, ku kunna tsaro, ku buɗe kowace ƙofa ku ga ko saƙo ya iso wayarku.

Aikin gida

Ku ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa a sabon shafi, ku sami gida biyar. Ku rubuta a samansu: Rana, Lokaci, Wace na'ura, Akwai wuta, Me ake yi a gida. Wanda yake da na'ura a gida ko a shago ya cika shafin na mako guda. Wanda ba shi da ita ya nemo tsohon batir na agogo ko na makullin mota, ya kwafi duk abin da aka rubuta a kansa. Ku zo da littattafanku aji mai zuwa, kowa zai karanta nasa a gaban 'yan'uwa.