Yadda Ake Rage wa Agwagwa Fiffike Don Kada Ta Tsallake Katanga

Idan agwagwa ta miƙe ta kaɗa fikafikanta, ba shirin gudu take yi ba. Yawanci bayan wanka ne, tana kakkaɓe ruwa tana daidaita gashinta, ko kuma miƙa ce kawai. Abin da zai nuna maka ko za ta iya tashi shi ne irinta da nauyinta. Fekin, farar nan mai jiki, takan kai kilo 4, da ƙyar ƙafarta ke barin ƙasa, don haka a ƙyale ta. Muskobi mai jan tsiro a fuska kuwa tana tashi sosai, musamman macen, wadda ba ta cika wuce kilo 3 ba. Toron ya kusan ninka ta a nauyi, tashinsa gajere ne.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya rungume agwagwar ya riƙe ƙafafunta, saboda faratan Muskobi suna yanka. Ɗayan ya buɗe fiffike guda ya ƙirga dogayen gashin ƙarshensa, guda 10 ne. Su kaɗai ake yankewa da almakashi mai kaifi, kimanin santimita 2 daga bakin gajerun gashin da ke rufe gindinsu. Fiffike ɗaya kawai ake yi wa haka. In ka rage biyun daidai, za ta ƙara ƙarfin kaɗawa ta tashi abinta. Rashin daidaiton ne ke karkatar da ita ta sauko.

Kafin almakashi ya taɓa komai, duba karan kowane gashi. Wanda ya ƙosa karansa fari ne, cikinsa fanko, yanke shi ba ya da zafi, kamar yankan farce. Sabon toho kuwa karansa na da kauri da duhu, cike yake da jini. Nan ne mutane suke yin ɓarna. In kuskure ya faru, danna garin masara a bakin karan da aka yanke na 'yan mintuna. In jinin ya ƙi tsayawa, sai an cire gashin daga tushe, kuma gara likitan dabbobi ya yi wannan.

Askin ba ya dawwama. Agwagwa na zubar da gashin fiffike sau ɗaya a shekara, sabon da ya fito cikakke ne, sai a jira ya ƙosa a sake. Ka tuna kuma ka raba ta da hanyar tsira daga kare, don haka dole ta kwana a rufe.

A 'ya'yan agwagi, in ka ga ƙarshen fiffike ya murɗe waje, sau da yawa yawan furotin, wato sinadarin gina jiki, a abinci ne ke sa gashin ya yi wa gaɓar nauyi. Mayar da furotin ɗin abincin kusan kashi 16 cikin 100, ƙara ganye, ka naɗe fiffiken da bandeji a yadda ya kamata ya kwanta na kwana 4 zuwa 5. Bayan ƙashi ya ƙosa, ɗauri ba ya gyara shi.