Ruwan ayonik ɗinka ya fito da datti? Ga inda za ka duba

Abu na farko da ya kamata ka sa a ranka shi ne ruwan ayonik gishiri ne da ke narke a ƙasa da digiri 100, kuma kusan ba ya tashi ya zama tururi, don haka ba za ka tace shi ta hanyar tafasawa ba yadda ake yi wa itanol. Duk dattin da ya shiga to ya zauna kenan sai an sha wahala. Shi ya sa nake cewa gyaran yana farawa ne tun kafin a kunna wuta.

Mu ɗauki BMIM-Cl, wani ruwan ayonik wanda kusan kowa ke farawa da shi, ana haɗa shi ne daga sinadaran metil-imidazol da kulorobiyuten, wajen digiri 70 na kwana 2 zuwa 3. In ka ga ya koma ruwan ɗorawa ko ya yi ja, yawanci metil-imidazol ɗin ne ya tsufa a kwalba ko kuma ka cika masa zafi don ka gama da wuri. Don Allah ka fara tace metil-imidazol ɗin ta hanyar tafasawa a kan KOH (fotasiyam haidroksaid) da famfon zuƙe iska, ka yi haɗin ƙarƙashin naitirojin, kar ka bari zafi ya wuce 80. In kalar ta riga ta shiga, narka shi a ruwa ko asitonaitiril ka zuba garin gawayin lab ka juya na sa'o'i, sannan ka tace.

Ragowar metil-imidazol kuwa a NMR (na'urar gano sinadaran da ke cikin abu) za ka gan shi, ko ka ɗiba kaɗan ka ɗiga masa kofa kuloraid, in ya koma shuɗi yana nan. Wanke BMIM-Cl ɗin da etil asitet sau da yawa, kuma tun farko ka ɗan ƙara kulorobiyuten fiye da lissafi tunda shi yana da sauƙin tashi.

Amma wanda ya fi ɓata aiki shi ne kuloraid, musamman bayan ka musanya kuloraid ɗin BMIM-Cl da wani ayon kamar BF4 ko PF6, domin ido ba ya ganinsa, ruwan zai fito garau ka ɗauka ka gama alhali yana ciki yana ƙara kauri yana kashe maka katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗi. Tun 2000 su Seddon na jami'ar Queen's a Belfast suka nuna cewa kuloraid kaɗan ma yana ɗaga kauri sosai, danshi kuma yana sauke shi, to ka ga mutum biyu za su auna abu ɗaya su samu lamba daban. Don cire kuloraid ɗin, narka ruwan ayonik ɗin a daikuloromiten, ka riƙa wankewa da ruwan sanyi kaɗan-kaɗan, kowane wanki ka ɗiba ka ɗiga silba naitiret. Muddin yana yin fari kamar an zuba madara to ci gaba, in ya daina ma ka ƙara wanki biyu. Da BF4 ka yi hattara, yana bin ruwa, in ka zuba da yawa rabin kayanka zai tafi. NTf2, wani ayon ɗin da ake musanyawa da shi, ya fi sauƙi tunda ba ya haɗuwa da ruwa.

Sai danshin da ke cikin ruwan ayonik ɗin. Busar da shi a digiri 60 zuwa 70 da famfo mai ƙarfi yana juyawa, a ƙalla kwana ɗaya, ka auna danshin da gwajin Karl Fischer, kar ka yarda da ido. Kuma PF6 in ya haɗu da ruwa da zafi yana fitar da asid ɗin HF, wannan ba abin wasa ba ne, yana cin gilashi yana ƙona fata, in ka ga filas, wato kwalbar haɗin, ya dushe daga ciki to ka tsaya, ka sa safar hannu ka koma cikin akwatin zuƙe hayaƙi. Da ya bushe ka rufe shi nan take, don BMIM-Cl yana shan danshin iska cikin mintuna.