Yadda ake liƙa sitika a jikin mota ba tare da ta kumbura ko ta karkace ba

Yawancin sitikar da ke ɗayewa bayan wata ɗaya ko biyu, tun wajen wanki aka yi sakaci. Gam ba ya kama maiƙo, kuma jikin mota cike yake da shi: man goge fenti, hayaƙi, har da zufar hannu. Fara da wanke wurin da ruwa da sabulu, ka bari ya bushe sarai, sannan ka jiƙa tsumma mai tsafta da sifirit ka sake gogewa. Daga nan kada yatsanka ya ƙara taɓa wurin. Idan sabon fenti aka yi wa motar, ka haƙura aƙalla wata guda, domin fentin na ci gaba da fitar da tururi, shi kuma zai taru a ƙarƙashin sitikar ya kumbura ta.

Yi aikin a inuwa. Ƙarfen da ya sha rana yana sa gam ya cafke tun kafin ka daidaita, sanyi mai tsanani kuma yana hana shi kamawa. Tsakanin digiri 15 zuwa 30 ya fi dacewa.

Sitikar rubutu ko zane hawa uku ce: takardar baya, ita sitikar, sai tef na sama wanda ke riƙe da haruffa kada su watse. Kada ka cire komai tukuna. Ɗora ta a inda kake so, ka kafe ta da ɗan salatif, ka auna tazararta daga gefen ƙofa ko gilashi ta hagu da dama. Sai ka ja da baya taku biyar ka duba. A nan nake so ka ɓata lokaci, don ido na hango karkatar da ba a gani daga kusa, kuma da zarar gam ya kama, gyara ya yi wuya.

In ta zauna daidai, sa dogon tef a gefenta na sama gaba ɗaya, ya zama kamar ƙyauren da ake ɗagawa. Ɗaga ta sama, ka fara ɓare takardar baya kaɗan kaɗan, kana sauke sitikar da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana dannawa da tsohon katin ATM da ka naɗe da kyalle mai laushi don kada ya karce. Daga tsakiya ake turawa zuwa gefe, kowane ja ya hau kan na baya, iska ta samu hanyar fita.

Wajen cire tef na sama, kwantar da shi a jikin motar ka ja a hankali, kada ka fizge shi waje. Idan harafi ya biyo tef ɗin, mayar da shi ka ƙara dannawa.

Babbar sitika kuwa ta fi sauƙi da ruwa. Zuba ɗigon sabulun ruwa biyu ko uku a kwalbar feshi mai cike da ruwa, ka fesa wa wurin, ka ɓare takardar baya ka ɗora sitikar, za ta riƙa zamewa har ka daidaita ta, sannan ka matse ruwan da katin. Sai dai dole ka jira ta bushe kafin cire tef, wani lokaci har awa guda. A wurin da ƙarfe ya lanƙwasa, ɗan ɗumama ta da na'urar busar da gashi, za ta yi laushi ta bi jikin.

Ƙananan kumburin iska sukan baje da kansu cikin 'yan kwanaki. Manyan kuma ka huda gefensu da allura, ka tura iskar da babban yatsa zuwa hujin. Kada ruwan wanki ya taɓa motar sai bayan kwana 2, kuma ko daga baya, mai wanki ya guji harba ruwa mai ƙarfi a bakin sitikar.