Yadda za ki haɗa wa yaranki kayan Powerpuff Girls a wajen telan unguwa

Duk gidan da ke da 'yan mata ƙanana kuma ana kunna musu Cartoon Network an san rigimar nan ta "ni ce Blossom", "wallahi ƙarya ne ni ce", har sai Umma ta leƙo daga kicin ta raba. To idan bazday ya matso ko fatin ƙarshen zango a makaranta, sai ki ga uwa ta duƙufa a waya tana neman kayan a intanet, ga tsada ga kuɗin kawowa, in ya iso kuma yadin shara-shara kamar ledar biredi, rigar iya cinya, Abbansu na gani zai ce ba dai 'yarsa ba. Ba sai kin sha wannan wahalar ba 'yar uwa. A duk kayan 'yan katun ban ga mai sauƙin ɗinki irin na yaran nan ba, telan da ke ɗinka musu yunifom ma zai iya, in dai kin san abin da za ki faɗa masa.

Ga wadda ba ta taɓa zama ta kalla ba, katun ne na Amurka, wani Craig McCracken ya ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a 1998 har zuwa 2005. Farfesa Utonium ne ya haɗa sukari da kayan ƙamshi da duk wani abu mai kyau wai zai samar da 'yan mata na gari, bisa tsautsayi wani sinadari Chemical X ya zube a ciki, sai ga yara uku sun fito suna tashi sama, su ke tsare garinsu Townsville daga miyagu alhali 'yan nazare ne, malamarsu Ms. Keane na jiransu a aji. Iya abin da kike buƙata daga labarin kenan, sauran yaranki za su ba ki ko ba ki tambaya ba.

Kafin ki je kasuwa ki fara raba musu wace ce wace, don nan ne ake samun kuka ranar fati. Kar ki bi shekaru, ki bi hali, su ma yaran sun san kansu. Blossom ita ce shugaba, mai son karatu da iyayi da ba da umarni, kalarta ruwan hoda. Bubbles ita ce mai taushin zuciya, ba ta rabuwa da 'yar tsanarta Octi, abu kaɗan ta ɓare baki, amma in ta fusata kowa sai ya kauce, kalarta bulu mai haske irin na sararin samaniya. Buttercup kuwa sarauniyar faɗa, kullum fuska a murtuke, kalarta kore mai haske. Kowane gida akwai Buttercup, kuma yawanci ita da kanta za ta ce kore take so. In biyu suka nace a kan ruwan hoda, ki zaunar da ɗayar ki tuna mata Bubbles ce ke jin maganar dabbobi, Blossom ba ta iya ba, galibi da wannan ake shawo kansu. In yaran biyu ne ki aro 'yar maƙota ko 'yar ƙanwarki ta cike. In huɗu ne ma akwai mafita, a sabon zubin da aka dawo da shi a 2016 an kawo musu yayarsu Bliss, baƙar fata ce mai dogon gashi bulu, kalarta fafal, sai ki ba babbar cikinsu.

Hoton da za ki nuna wa tela ki kula da shi. In kin rubuta sunan a Google za a haɗo miki da Powerpuff Girls Z, wancan na Japan ne na 2006, 'yan matan sun girma, da guntun siket da 'yar jaket da tarkace, ba shi ake nufi ba. Ki nemi na asali masu ƙaton kai da manyan idanu, marasa yatsu, ki ajiye a waya tun daga gida saboda netwok ɗin cikin kasuwa sai a hankali.

Yadi ki shiga kasuwar Sabon Gari ta nan Zariya layin masu yadi, ki ce filen kike so mara zane ko ɗigo, koton mai ɗan kauri irin wanda ake yunifom da shi. Satin yana da kyau a hoto amma yana santsi, yana nuna maiƙo, yaro ɗaya ya taɓa ta da hannun cincin shikenan an gama. Ga yarinya 'yar shekara huɗu zuwa shida yadi ɗaya da rabi ya isa, in za a yi mata ɗan hijabi ko ɗankwali da shi ki sayi biyu. Sai baƙin yadi guda ɗaya, zai ishe su duka. Abin da ya fi komai, ki sa mai shago ya jera miki kala ukun waje ɗaya ki fito da su bakin shago ki gani a rana, don fitilar cikin rumfa tana yaudara. Su zama haskensu ɗaya. In ruwan hodar ta yi sanyi sai koren ya zo irin mai duhun nan na tutar Najeriya, za ki ga abin bai haɗu ba ko da ɗinkin ya yi kyau, kore mai haske ake so wanda ya ɗan ja zuwa ruwan lemun tsami.

A wajen tela kuma sai kin dage, don hannunsu ya saba da ado. Ki ce masa, "Malam, doguwar riga ce zalla, ta ɗan buɗe daga ƙirji zuwa ƙasa, wuya zagaye, zif a baya, ba tattara, ba leshi, ba duwatsu, ba aiki a wuya." Zai ce miki, "Hajiya ai za ta yi fayau, bari in ɗan sa mata fulawa a nan." Ki ce a'a. Fayau ɗin ake so. Sirrin rigar gaba ɗaya yana kan baƙin layin nan mai faɗi da ya zagaye ciki, faɗinsa kamar tafin hannun yarinyar, kuma ya ɗinke shi a jikin rigar, kar ya yi miki bel na ɗaurawa, don da sun fara guje-guje zai koma ƙirji ko ya kwance a taka. Tsawo kuwa na katun ɗin gajere ne, ke ki sauke shi ya wuce gwiwa sosai, ba abin da zai rage. Hannu ki sa a yi gajere ko dogo yadda kuka saba a gida, in lokacin hunturu ne kin san sanyin Zariya ba ya wasa, musamman ku na Samaru da Shika, ki sa musu farar riga mai dogon hannu daga ciki.

Sai maganar mayafin baya irin na Superman. Tela da yawa da ya ji an ce jarumai masu tashi sama zai ce a yi musu, wasu iyayen ma su ke nema. Yaran nan ba su da shi ko kaɗan, ki duba hoton. Kuma ni a ganina gara haka, yarinya in ta ji abu na kaɗawa a bayanta sai ta ga ai da gaske za ta tashi, ta hau kan katanga ko kan tankin ruwa, ga shi abu ne da ake ɗaurawa a wuya yana iya maƙalewa a ƙofa.

Ƙafa farar safa doguwa mai haɗe da wando, da baƙin takalmi mai igiya ɗaya a sama, wato dai takalmin makaranta. In nasu na nan da rai a goge shi da folish kawai, in ya mutu ki duba wajen 'yan gwanjo.

Kai shi ne inda ake gane wace ce wace daga nesa, don haka ki ba shi lokaci. Ba sai kin sayi gashin doki mai kala ba, zafi yake musu kuma kafin a yanka kek sun tuge shi. Blossom babban jan ribon ne a tsakiyar kai, tsaye kamar kunnuwa biyu, ja fa, ba ruwan hoda ba, nan mutane ke kuskure. Ki sa tela ya yi shi da jan yadi ya saka masa gam a ciki don ya tsaya, a ɗinke shi a kan abin riƙe gashi, gashin kuma a yi mata fakin ɗaya a baya. Bubbles fakin biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗaure da bulun roba, in kina so mai kitso ta saka ɗan zaren ulu ruwan ɗorawa a jelar. Buttercup 'yar kalba gajera ta ishe ta, ba ribon ba komai, ita dama ba ta son kwalliya. Masu sa hijabi a yi musu ƙarami iya kafaɗa da kalar rigar, a maƙala jan ribon ɗin a saman na Blossom, na Bubbles a ɗinka ƙananan tuntu biyu a gefe da gefe, wallahi yana kyau fiye da yadda kike zato.

Maza kar a bar su suna zumɓura baki. Akwai Rowdyruff Boys, yara maza uku abokan gabarsu a katun ɗin, Brick mai ja da hular hana sallah a juye, Boomer bulu mai duhu, Butch kore mai duhu, riga mai dogon hannu da baƙin layi a ciki da baƙin wando. In yaro ɗaya ne ya zama Farfesa, farar kot irin ta 'yan lab da baƙin nektayi da biro a aljihu, a garin da ke da jami'ar ABU aron farar kot ba zai yi wuya ba, sai dai a naɗe hannun.

Ranar fatin ki zuba zoɓo mai duhu a gora ki manna takarda ki rubuta X babba, shi ne Chemical X ɗinsu, kowa ya kurɓa ya samu ƙarfi. A samu wani kawu mai barkwanci ya zama Mojo Jojo, babban maƙiyinsu, birin nan mai maimaita magana ɗaya sau goma, ya kifa farar roba a kai ya sace kek ɗin, wani ya bugo waya a matsayin Magajin Gari yana neman agaji. Amma ki kafa doka tun farko, kama Mojo ake yi da taɓawa, ba naushi ba harbi da ƙafa, kuma ki fi sa ido a kan mai koren.

Ɗinkin ki kai da wuri, kar ya haɗu da layin kayan Sallah, in ba haka ba sai dai ki ji "gobe in sha Allahu" har ranar ta wuce. Ki ce ya bar kalmasa mai yawa a ƙasa yadda za a saki tsawon baɗi, kuma wankin farko a wanke kowace daban da ruwan sanyi, don baƙin layin nan wani lokacin yana zuba, a kan ruwan hoda kuwa ba ya fita.