Yadda za ka tunkari littattafan Amurka a jarrabawar adabi

Abu na farko da nake hana ɗalibaina shi ne haddace taƙaitaccen labari. Mai duba takardarka ya riga ya san labarin. Dalili yake nema: me ya sa wane ya yi abin da ya yi? A littattafan Amurka kuwa, dalilin yakan ɓuya ne a tarihin ƙasar. Don haka kafin ka shiga babi na ɗaya, rubuta abu uku a bangon littafin: shekarar da ya fito, shekarar da labarin ya faru, da garin da ya faru.

Ɗauki wasan kwaikwayon Fences na August Wilson. Troy Maxson ya hana ɗansa Cory damar shiga jami'a ta hanyar ƙwallo, kuma ɗalibai da yawa sai su rubuta cewa mugun uba ne, su wuce. Amma wasan ya fara ne a Pittsburgh a 1957. Troy gwanin besbol ne, wato wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda, a zamanin da ba a barin baƙar fata su shiga babbar gasar turawa. Lokacin da Jackie Robinson, ɗan besbol baƙar fata, ya buɗe wannan ƙofa a 1947, ƙarfin Troy ya riga ya tafi, ya ƙare a kwasar shara. Wanda ya san wannan zai ga tsoro da hassada sun cakuɗe a zuciyar uban, kuma a nan maki yake. Haka The Crucible na Arthur Miller: shari'ar mayu ce a Salem a 1692, amma ya fito a 1953, lokacin da Sanata McCarthy ke farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci.

Wasan kwaikwayo kuma ba a karanta shi a zuci. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kowa ya ɗauki mutum guda, ku ɗaga murya. Kada ku tsallake bayanan da marubuci ke sakawa tsakanin maganganu, ina roƙonku. A cikin A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry, a nan za ku ga Mama tana lallaɓa wata 'yar shuka da ke fama da rashin rana a bakin taga, a ƙuntataccen gidansu na Chicago. Ku bi kuɗin ma: dala 10,000 na inshorar maigidan da ya rasu, 3,500 ta tafi kafin alƙalamin gida a unguwar turawa, sauran 6,500 Walter, ɗan Mama, ya damƙa wa abokin da ya gudu da su. Duk rigimar gidan a kan rabon nan take.

In ƙagaggen labari ne, tambayi kanka wa ke ba da shi. Scout ta To Kill a Mockingbird tana tuno yarintarta ne, akwai abin da ta gani ba ta fahimta ba, ana so kai ka fahimta.

Wajen amsa tambaya, kowane sakin layi ya ɗauki magana ɗaya, da hujjarta daga wani fage, da bayaninka. Gajeren zance da ka riƙe daidai ya fi dogon da ka gurɓata. Nemi tambayoyin shekarun baya, ajiye agogo a gabanka, rufe littafin, ka rubuta amsa guda cikakkiya duk mako, sannan ka kai wa malaminka ya duba.