Zanen da ke ruɗa ido: inda masu koyo suka fi kuskure

A 1961 Bridget Riley, 'yar Ingila, ta yi zanen da ta kira Movement in Squares. Murabba'ai ne baƙaƙe da farare kamar allon dara, amma mai kallo sai ya ga zanen ya lanƙwashe ya shige ciki. Sirrin yana cikin awo: tsayin kowane gida bai canza ba, faɗinsa ne ke raguwa sannu a hankali, sannan ya sake buɗewa. Irin wannan salon, wanda ita da Victor Vasarely suka yi fice a kansa, shi ake kira Op Art, kuma baje kolin da aka yi a New York a 1965 ne ya yaɗa shi duniya. Wanda ya gwada yi ya ga nasa zanen ya tsaya cak, galibi a ɗaya daga wuraren nan ya zame.

Awo shi ne babba. Mai koyo yakan auna layi na biyu daga na farko, na uku daga na biyu. In rula ta goce da milimita 1 a kowane layi, kafin a kai layi na 30 an yi ɓatan santimita 3, kuma ido yana kama wannan nan take. A rubuta duk ma'aunan a takarda tukuna, a tara su, a ɗiga alamominsu daga gefe guda na allon, sama da ƙasa, sannan a haɗa. Raguwar ma kada a yi ta da ka. A fara da santimita 5, kowane gida ya zama kashi huɗu cikin biyar na wanda ya gabace shi: 5, 4, 3.2, 2.6, 2, 1.6. In ana cire adadi iri ɗaya kowane lokaci, lanƙwasar takan fito a sanƙare, ba ta da zurfi sosai.

Sai bakin layi. Fenti yana kurɗawa ƙarƙashin salatif ya bar gefe mai kama da haƙoran zarto. Maganinsa mai sauƙi ne, amma kaɗan ne ke yi: bayan an manna salatif ɗin takarda an danne shi da farce, a fara shafa launin da ke ƙasa a bakinsa, a bari ya bushe. Shi zai toshe ƙofofin. Sannan a shafa launi na biyu, siriri, sau biyu. A ɓare salatif ɗin a hankali, a karkace, kafin shafin ƙarshe ya gama bushewa, don in ya bushe ƙarau zai taso da fentin.

Fentin mai ba na wannan aikin ba ne. Ƙyallinsa yana mayar da haske, baƙin ya koma toka-toka daga wani gefe. Fentin ruwa ko akirilik marar ƙyalli ya fi, a kan katako mai santsi da aka yi wa farin shafi aka goge da samfefa. Sawun burushi ma yana kashe ruɗin, domin yana tuna wa ido cewa fenti yake kallo. Lokacin hunturu kuwa a rufe taga, ƙura tana zama a kan ɗanyen fenti.

Launi ya fi wuyar sha'ani, shi ya sa ya kamata a daɗe a baƙi da fari. Riley kanta ta yi shekaru a kansu kafin ta shiga launuka. Masu koyo kan zuba launi shida ko bakwai suna zaton yawan ne ke sa zane rawa. Abin da ke sa bakin layi kyarma shi ne launuka biyu masu hamayya, kamar ja da kore, waɗanda haskensu ya zo daidai. Hanyar gwadawa: a shafa su dab da juna a takarda, a bari su bushe, a ɗauki hoto da waya a mayar da shi baƙi da fari. In sun kusa zama toka iri ɗaya, za su yi kyarma. In ɗaya ya fi duhu sosai, a ƙara masa fari kaɗan a sake gwadawa. Akirilik yana ƙara duhu in ya bushe, saboda haka kada a yanke hukunci yana ɗanye.

Kafin a taɓa allon, a yi ƙaramin gwaji a takarda, a kafe a bango, a ja baya kamar taku uku a duba. In bai motsa a takarda ba, a koma kan lissafin.